Makullin da Na Ba Dillali

Duk Garwa an san ni da baki. In na ga ɓera na ce ɗan maraƙi ne, mutane su yi dariya, kowa ya rage abin da zai rage da kansa, haka muke zaune lafiya da su tun ina saurayi. Ban taɓa zaton wannan bakin zai tsayar da ni gaban Alƙur'ani wata rana ba. Gidan mahaifina ne ya kai ni.

Gidan yana tsohuwar unguwarmu ta Hausawa, inda kakanmu ya sauke kayan fataucinsa daga Kano bai ƙara ɗauka ba. Zaure ne babba, da ɗakunan bulo da mahaifina ya ƙara daga baya, da rijiya, da dalbejiya a ƙofa wadda ta girme ni. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya zama ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Ni ina wata unguwa da iyalina, kusa da shagona na atamfa, yayata kuma tana aure a Bogo, mu biyu ke nan magada. Da damina ta fara cin katangar baya, muka ce gara a sayar tun yana da sunan gida.

Yayata ta kira ni a waya ta ja mini kunne.

"Ka ji ni da kyau, auta. Ban da dillali. Su suka cinye wa mijina shanu a kasuwa yana tsaye yana yi musu godiya. Kai da bakinka ya fi rediyo, wa kake so ya yi maka talla?"

"Haba Yaya," na ce, "ni da na sayar wa mutum bargo a Garwa cikin watan Afrilu? Gida ai wasa ne."

Na kira mai fenti ya rubuta a katanga da Faransanci cewa gidan na sayarwa ne, ya sa lambar wayata, a ƙasa kuma ya ƙara da manyan baƙaƙe cewa ba a son dillali. Wannan layin na ƙarshe, daidai yake da in zuba sukari a ƙasa in kafa allo in ce tururuwa su yi haƙuri.

Fentin bai bushe ba wayata ta fara zafi. Samari ne 'yan zamani, masu moto, wato babur, da baƙin tabarau, waɗanda ake kira demarshe, kowa da mai sayensa a aljihu. Wannan yana da kanar, wancan yana da surukin minista, wani yana da mutumin Injamena da ya zo da kuɗi a buhun fulawa yana jira a tasha. "Patron, minti biyu kawai." Na ce wa ɗaya gidan cike yake da aljanu kuma ba sa biyan haya. Ya ce mai sayensa malami ne, aljanu ma yake nema. Na ce wa wani akwai kada a rijiyar. Ya tambaye ni ko kadar tana cikin kuɗin. In na toshe lamba su kira da ta matansu. Wani ya same ni wurin wanzami, aska a maƙogwarona, ya durƙusa yana yi mini lissafin la'ada, ni ko ba halin girgiza kai.

Daga baya na gane wasan nan nawa shi ke ciyar da su. Sai na koyi magana guda, "Ba na buƙata, na gode," in kashe waya. Ya yi mini wuya kamar haɗiyar ƙaya, amma ya yi aiki. A hankali suka watse suka koma kan wani.

Wanda ya kusa kai ni kurkuku bai taɓa kirana a waya ba.

Wata safiya na zo buɗe gidan na tarar da tsoho zaune a dakali ƙarƙashin dalbejiya, da butarsa da carbinsa. Na san shi sarai. Abokin mahaifina ne, dillali irin na da, ya fara da shanu ya ƙare da filaye, kuma yana cikin waɗanda suka sauke mahaifina a kabari. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, ɗana. Inuwar abokina nake sha kafin ku sayar da ita."

"Baba, ka dai ga abin da aka rubuta a katanga."

Ya ɗaga kai ya dubi rubutun kamar mai duban hadari. "Ni ban yi lakol ba, ban san boko ba," in ji shi.

To, ga yadda abin yake a wurinmu. Dillalin gargajiya ba ya roƙonka. Ƙofa yake kamawa. Duk mai sayen da ya zo, shi zai fara yi wa sallama, shi zai ce masa bismilla, shi zai shige gaba yana nuna rijiya kamar shi ya haƙa ta. Daga nan ƙafarsa ta shiga cinikin, ranar biya kuma unguwa ce za ta tsaya masa a kan la'adarsa. Ya san haka, na san haka, ya kuma san na sani.

Maiɗakina ta ce, "Ka kore shi."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kake hana mu barci da shi."

Ban kore shi ba. Abin ma ya wuce nan. Abokin mahaifina yana zaune a ƙofar mahaifina har azahar ba ko ruwa, maƙwabta suna leƙe, me za a ce da ni a masallaci? Na sa ta riƙa zuba masa abinci a kwano mai murfi, ina ɗaurawa a bayan moto ina kai masa da kaina. Yana ci ina zuba masa surutu. Na naɗa shi sarkin ƙofa, na naɗa shi gwamnan dalbejiya, na yi masa alkawarin mota da direba. Yana dariya da haƙoransa da suka rage, ni ina jin daɗi na samu mai sauraro.

Sai zafi ya sauko, irin na gab da azumi a shekarun nan, zafin da ke sa kogin Binuwai ya janye ya bar yashi, kaza ta yi ƙwai dafaffe. Wata rana na iso na tarar da shi ya zame daga dakalin, leɓɓansa sun yi fari, carbin yana ƙasa. Na ce shi ke nan, tsoho ya mutu a ƙofata. Na ja shi cikin zaure, na zuba masa ruwa a ka, na yi ta yi masa fifita da hulata har ya buɗe ido. Cikin wannan ruɗewa na zare makulli guda daga cikin biyun da nake da su na danƙa masa.

"Baba, in rana ta take ka shigo ciki ka kwanta. Kada ka mutu mini a titi, ba ni da kuɗin shinkafar sadaka."

Ƙofar da ke tsakanin zauren da tsakar gida kuwa wani tsohon kwanon rufi ne da ake jinginawa. Wanda ke da makullin zaure, gidan gaba ɗaya yake da shi. Ban yi wannan tunanin ba a lokacin. Tunanin gawa nake yi.

A farkon azumi Allah ya kawo mai saye ta gaskiya, kuma ba ta ƙofar ta biyo ba. Ungozoma ce a asibiti, ita ta karɓi haihuwar rabin unguwar har da autana. Har shago ta same ni, ta ce ta san gidan tun tana zuwa duba mahaifiyarmu, ba ta buƙatar a nuna mata. Muka daidaita. A gaban limaminmu na ce na sallama, ƙanenta ya miƙo hannu a madadinta, aka shafa fatiha. Saura aikin noter, mai rubuta cinikin gida a hukumance, shi kuwa ya ce sai an juya takardar mallaka daga sunan mahaifinmu zuwa namu, abin zai ɗauki lokaci. Na kira Bogo, yayata ta yi guɗa a waya har kunnena ya toshe.

Da yamma na kai wa tsohon kunun buɗa-baki na ce masa, "Baba, an sayar da gida."

"Allah ya sa albarka," ya ce, fuskarsa ko motsi. Ya ci gaba da kurɓar kununsa.

A nan ya kamata in ce ya ba ni makullina. Maganar ta zo har bakina ta tsaya. Yaya zan miƙa wa sa'an mahaifina kunu da hannun dama in karɓe makulli da na hagu, cikin azumi? Na ce bari sai bayan salla. Rubutun katanga ma na bar shi, don mai fentin ya tafi ƙauye.

Bayan salla da 'yan kwanaki na biya ta unguwar da hantsi. Ƙofa a buɗe. Na shiga ina shirya wa tsohon wata tsokana, sai na tarar da mutane a tsakar gida suna jan igiyar awo daga rijiya zuwa katanga. A tsakiyarsu wani ƙato ne da farar jallabiya da rawani irin na mutanen bakin kogin Logon, yana nuna ɗakin mahaifiyata yana cewa a nan za a fasa, a yi ƙofar da babbar mota za ta iya shiga da baya.

Ya juyo ya dube ni. "Malam, wa kake nema?"

A tsakar gidan da aka yanke mini cibiya!

"Ni ne mai gidan," na ce, ina murmushi, don har lokacin ina zaton kuskure ne.

"A'a. Mai gida ni ne, saura ciko. Kai ne mai sayarwa? Madalla. Na ba wakilinka kafin alƙalami."

Ɗan kasuwa ne daga Kuseri, mai sukari da sabulu, yana neman wurin ajiye kaya a Garwa. Hausarsa tana da nauyin Larabci, kuma ba ta da wurin dariya ko kaɗan. Na ce masa ba ni da wakili. Ya ce tsohon da ya buɗe masa gidan da makulli fa? Na ce makullin na zafi ne. Ya dube ni kamar na yi magana da harshen tsuntsaye. Ya ce shi ba yaro ba ne, sai da ya tambayi maƙwabta, suka ce masa tsohon nan abokin uban mai gida ne, mai gida da kansa yake kawo masa abinci kullum, yana kiransa sarkin ƙofa. Ya nuna mini kwanon maiɗakina a gefen zaure, an wanke an kife.

Na nemi tsohon, babu shi babu butarsa.

Nan na yi wautar da ta fi duka. Don in nuna masa ba yadda za a yi in wakilta wani, na ce ai gidan ma na riga na sayar wa wata tun cikin azumi. Masu awo suka saki igiya. Mutumin Kuseri ya matso har ina jin ƙanshin turarensa.

"Wato sau biyu ka sayar."

"Alhaji, wallahi ko sau ɗayan ma da ƙyar..."

"Kalas, magana ta ƙare," ya ce. "Mu haɗu a birgad, ofishin jandarma."

Ban san yadda na fito ba. Na dai san na tsaya ƙarƙashin dalbejiyar nan ina jin sanyi, a Garwa, da rana tsaka.

Sayar da gida sau biyu ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Kowa ya san wani da ya yi, kowa ya san inda ya ƙare. Tun muna yara in aka ce za a kai mutum kurkukun Cholire, an gama magana. Washegari jandarma ya faka moto a ƙofar shagona ya miƙo mini takardar sammaci. Layin 'yan atamfa gaba ɗaya ya yi tsit, har mai keken ɗinki na gefena ya ɗauke ƙafa. Na sa hannu, sa hannun ya fito kamar tafiyar kyankyaso.

Da la'asar na je majalisarmu, wurin mai shayi, ina neman wanda zai ba ni shawara. Na ce musu gobe ƙila in kwana a rufe. Suka fashe da dariya.

"Bara ma ai ka ce kada ta haɗiye ka a gada."

"In an kai ka Cholire ka aiko mana da doya."

"Wallahi da gaske nake," na ce. Suka ƙara dariya, wani har da buga cinya, wai yau salon da na ɗauko ya fi na kullum. Na zauna da kofin shayi a hannu ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da na shekara talatin ina sa su dariya, ga shi ina nutsewa a gabansu suna tafi. A nan tsoron ya kama ni sosai, don na gane in abokaina ba su yarda da ni ba, kwamandan birgad ba shi da dalilin yarda.

An ce in za a rufe mutum ana karɓe bel da takalmi da riga. Da safe na sa wando biyu, na zaɓi tsohuwar riga, na cire agogo na ba maiɗakina. Na fara gaya mata inda makullin shago yake, ta ce in rufe mata baki, ta juya ta shiga kicin. Na ji tana jan hanci.

A birgad na tarar da mutumin Kuseri, na kuma tarar da tsohon, an nemo shi, yana zaune a benci yana jan carbi kamar mai jiran mota. Na gaishe shi. Har a wurin na durƙusa na gaishe shi, don ƙafata ta saba.

Kwamandan mutum ne mai sanyin murya, irin wanda ya fi mai tsawa ban tsoro. Ya tambaye ni da Faransanci, yana rubutu ba ya ɗaga kai.

"Kai ka ba shi makulli?"

"Ni na ba shi, amma saboda zafi ne."

"Kana kai masa abinci?"

"Ina kaiwa, saboda kunya."

"Ka rubuta gidan na sayarwa ne?"

"Na rubuta."

"Bayan ka sayar ka goge?"

"Mai fentin ya tafi ƙauye."

Kowace amsa gaskiya ce, kowace kuma da na faɗe ta sai in ji ta ƙara ɗaure ni. Ta bayan ofishin akwai wata ƙofar ƙarfe mai ɗan rami a sama, wani yana leƙowa ta ramin, idanu kawai nake gani. Na yi ƙoƙarin kada in duba, wuyana ya ƙi.

Tsohon ya ce ni na sa shi. Kwamandan ya ajiye biro ya ce tunda dukkanmu muna da manya, mu je wurin jauro, mai unguwarmu, mu sasanta. In mun kasa, zai aika da mu kotu, ni da tsohon a mota ɗaya. Ya karɓi katina na ɗan ƙasa ya jefa a aljihun tebur ya tura. Ƙarar rufewar nan, har yau in maiɗakina ta rufe durowa da ƙarfi sai na waiga.

Kafin ranar zama ungozoma ta zo shago. Ba ta zauna ba.

"Alhaji, abin da nake ji gaskiya ne? Na sayar da filina saboda maganarka."

Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara ba tare da ya yi kama da labarin majalisa ba. Na ce mata ta zo wurin jauro ta ji da kunnenta.

Aka taru a zauren jauro bayan azahar. Jauro a kan buzunsa, liman a gefe, maƙwabta sun cika har waje. Mutumin Kuseri ya ce shi bai zo jin dogon labari ba, ya ji an ce in aka bar ni da magana sai an yi sallar magariba a nan. A kawo Alƙur'ani, kowa ya rantse. Jauro ya tambayi tsohon me zai ce.

"Ya ce mini in na samu mai saye in kawo," in ji tsohon. "A zauren ubansa, ina cin tuwo."

Na faɗa ko ban faɗa ba? Kullum ina zaune gabansa ina zuba kamar famfon da ya lalace. Na ce zan saya masa mota. Na ce in ya kawo mai biya da jirgin sama zan ba shi rijiyar ya tafi da ita gida. Wannan na tuna. To a cikin wannan tulin shirme, wa zai ce mini ban taɓa cewa ya kawo mai saye ba? Ni kaina ba na sauraron kaina.

Aka ce in yi alwala. Na fita bayan zauren da buta, ruwan yana ta zuba a wando na sama yana ratsawa zuwa na ƙasa. Na wanke ƙafa guda na sake wanke ta, na manta ɗayar, na dawo daga farko. A wurinmu ba a wasa da rantsuwar nan. Mun ga waɗanda suka dafa a kan ƙarya, mun ga yadda suka ƙare, su da abin da suka tara. In na rantse ban faɗa ba alhali na faɗa, na shiga uku. In na ƙi rantsuwa, ga ƙofar ƙarfe mai rami tana jira.

Na dawo na durƙusa. Liman ya buɗe gafaka ya ce, "Ka rantse ba ka taɓa ce masa ya kawo mai saye ba."

"Malam, ba zan iya ba."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Na ga ungozoma ta rufe fuska da mayafi. Mutumin Kuseri ya fara neman takalminsa. Jauro ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Ka san abin da ka faɗa kuwa?"

"Ranka ya daɗe, abin da ban sani ba ke nan. Kun san bakina. Ya faɗi abubuwa a zauren nan da ko shi bai riƙe ba, ba zan dafa Littafi a kansu ba. Amma akwai abin da na sani. Ban san da wannan ciniki ba, ban ga ko sisi a ciki ba. Kuma tun farkon azumi, ranar da malam ya shafa mana fatiha da baiwar Allah nan, na kai wa Baba kunu na ce masa an sayar da gida. Wannan zan rantse."

Muryata ta fito siririya, ni kaina ban gane ta ba. Ba wanda ya yi dariya. Da a ce wani ya yi, ina jin da na faɗi.

Jauro ya juya ga mutumin Kuseri ya tambaye shi yaushe ya ba da kuɗinsa. Ya ce bayan salla. Liman ya ce fatiha kam a farkon azumi ya shafa ta, yana tune. Aka miƙo mini Alƙur'ani. Na dafa, na faɗi abin da na ce zan faɗa, ban ƙara ko wasali ba.

Sai aka ce tsohon ya rantse ban gaya masa an sayar ba.

Ya tashi da butarsa ya fita. Ya daɗe, har jauro ya sa a leƙa ko ya gudu. Bai gudu ba. Ya dawo ya zauna gaban liman, ya dubi Littafin, ya mayar da hannayensa biyu baya ya riƙe.

"Yaron ya gaya mini," ya ce.

"To me ya sa ka karɓi kuɗin mutane?" in ji jauro.

Tsohon ya juyo ya dube ni da fushi, kamar ni na cuce shi. "Wa yake yarda da maganar wannan? Ya ce mini zai saya mini mota. Ya ce akwai kada a rijiya. Da ya ce an sayar, na ce salon korata ne. Rubutu yana katanga, makulli yana aljihuna. Na ce in na kawo masa mai kuɗi da gaske, kunya za ta sa ya karɓa." Sannan ya ƙara a hankali, "Amma ya faɗa. Ni da nake jiran kira yau ko gobe, ba zan dafa ba."

Jauro ya tambaye shi ina kuɗin. Ya ce wani abu yana nan, wani abu ya shiga asibiti da hatsi. Jauro ya ce ya fito da abin da ya rage yanzu. Sannan ya dube ni.

"Kai kuma, tunda kai ka ba da makulli, abin da ya yi giɓi kai za ka cike, daga rabonka, ban da na yayarka. In tsohon ya samu ya biya ka, in bai samu ba..."

"Na yarda!"

"Ban gama ba."

"Ranka ya daɗe, duk abin da ya rage ma na yarda."

A nan ne aka yi dariya, har mutumin Kuseri ya ɗan saki fuska. Ya ce shi kuɗinsa yake so, gidaje ba su ƙare a Garwa ba. Tsohon ya laluba aljihu ya ajiye makullin a kan buzun jauro, bai dube ni ba. Ungozoma ta miƙa hannu ta ɗauka kafin in motsa, ta ƙulle a bakin zaninta.

Washegari da safe muka koma birgad, ni da mutumin Kuseri da wakilin jauro, kowa a kan motonsa. Ban yarda an gama ba, don haka wando biyun suna jikina. Kwamandan ya saurara, ya tambayi mai ƙara ko ya janye, ya ce ya janye. Ya jawo aljihun tebur ya daɗe yana lalube cikin katunan mutane, ina tsaye ina kallon yatsunsa. Ya ciro nawa, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce na rame. Ya miƙo mini.

Na yi masa godiya da Faransanci, da Fulatanci, da Hausa. Na yi wa mai gadin ƙofa godiya. Na gaida wata mata mai sayar da gyaɗa a bakin titi kamar ƙanwar uwata. Na kama hanya ina tafiya, katin a hannuna na kasa sa shi aljihu, rana tana dukana ba na ji. Na ratsa kasuwa, na wuce shagona ban tsaya ba, har na isa gida na yi sallama.

Maiɗakina ta fito da ludayi a hannu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi katin, ta leƙa bayana.

"Ina moton?"

Yana can ƙofar birgad. Na ce mata ta aiki ƙanenta ya ɗauko, ni kam ba yau ba.